Uku, Sannan Biyu

Saura ƙiris in bar wannan labari a cikina. Mutanen da suka yi abin ba mugaye ba ne. Kullum muna gaisawa a bakin ƙofa, uwar gidan ma ta sha ba ni aron sukari. Amma a layinmu kaɗai, gidaje nawa ne ake jin tari daga saman bene? Shi ya sa na daure na rubuta yadda aka yi a gidan Idwal Prosser, kamar yadda 'yarsa Nesta ta gani da idonta.

Ranar da Idwal ya yi hawansa na ƙarshe, da baya ya hau benen, a zaune. Sai ya zauna a matakala ɗaya ya huta, ya ja numfashi da ƙyar, sannan ya dafa ya ɗaga zuwa ta gaba. Nesta na biye da shi riƙe da sandarsa. Tun yana yaro yake shiga ramin kwal, kamar yawancin mazan kwarinmu na kudancin Wales, ƙurar ramin kuma ta taru a huhunsa ta daskare. Da ya kai sama ya dube ta ya yi murmushi, ya ce benen nan ya ƙara tsawo, lallai uwarta ce ta sa aka ƙara masa a ɓoye. Washegari ya zo bakin matakala ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo, ya koma ya zauna a gado. Ya san in ya sauka ba zai iya komowa ba.

A wurinmu, idan ƙura ta ci ƙarfin mutum har bene ya gagare shi, saukar masa da gado ake yi. A buɗe falon gaba, a kafa gadon a gindin tagar da ke kallon titi. Masu tasowa daga rami su tsaya da baƙaƙen fuskokinsu su ba shi labari: wa ya yi cacar baki da helma shugaban ma'aikata, tattabarun wa suka ci tsere, yaya aka lallasa mu a ƙwallon zari-ruga. Tsofaffin abokansa su shigo su zauna, su yi hira, su yi tari tare. Ba magani ba ne, amma mutum yakan ƙarasa kwanakinsa cikin mutane. Sai dai kowa ya san abin da ake nufi in an ce an saukar da gadon wane. Ba a taɓa mayar da irin wannan gado sama da mai shi ba.

Falon Ceinwen, matar Idwal, ba irin na kowa ba ne. Shekara da shekaru tana haɗa shi kaɗan-kaɗan: kafet mai furanni, kabad ɗin gilashi cike da kofunan tangaran da ba a taɓa shan komai da su ba, da fiyanon da babu wanda ya iya kaɗawa. Makullin kullum yana aljihun rigar aikinta. Ba ta buɗewa sai ran Lahadi da yamma, tun da Gethin Maddocks ya fara zuwa wurin Nesta. Gethin ɗan mai kantin yadi ne na bakin gada. Hannuwansa tas, babu shuɗin tabon nan da kwal ke bari a fatar masu shiga rami. Ceinwen ta sha cewa ita dai 'yarta ba za ta ƙare rayuwarta tana dafa ruwan wanka, gabanta na faɗuwa duk lokacin da jiniyar rami ta yi kuka ba.

A makon farko Idwal ya yi maganar da bakinsa. Ceinwen na gyara masa matasan kai, Nesta na share ɗaki, ya ce da alama lokaci ya yi da za a saukar da gadon.

Ceinwen ta ce, "Haba Idwal, mutuwa kake kira wa kanka? Mura ce ta haɗu maka da sanyi. Bari hunturu ya wuce, da ƙafarka za ka sauko."

Bai ja da ita ba. Da suka sauko kicin, Ceinwen ta rage murya ta tambayi Nesta ita me ta gani. In aka saukar da shi, ina za ta riƙa zama da Gethin? A kicin, yayanta Emlyn na tsugune cikin baho gaban murhu yana wanke baƙin rami? Ko a falo, gefen bokitin kaki? Mutanen kanti ba su san bambancin ƙura da tarin fuka ba, suna jin tarin nan za su janye ɗansu.

Nesta ba mai yawan magana ba ce. Ta tsura wa butar shayi ido, ta tuna yadda Gethin ke zama a bakin kujera yana juya hularsa. Ta ce, "Yadda kika gani, Mama."

Bayan 'yan kwanaki aka fara jin bugun sanda daga sama. Ɗakin Idwal na baya ne, daidai saman kicin. Bugu uku, a ɗan yi shiru, sannan biyu. Nesta ta hau a guje ta same shi zaune, sanda a hannu, idonsa ba a kanta ba, a kan ƙofa. Ya tambaya ko Emlyn yana gida. Ta ce yana cin abinci. Ya ce to. Ta tambaye shi me yake so, ya ce babu komai.

Ta sauko ta faɗa wa Emlyn, tunda shi aka tambaya. Emlyn shi ma a rami yake aiki, shi ke riƙe da gidan tun da uban ya kwanta. Bai ɗago daga kwanon romo ba, ya ce, "Shayi yake so."

Daga ranar bugun ya zama na shayi. Da an ji uku da biyu sai Nesta ta ɗora buta. Wani lokaci takan kai ta tarar da na ɗazu ya huce bai taɓa ba. Sai ta ɗauke wancan ta ajiye wannan, ya ce Allah ya yi mata albarka, ta sauko.

Tagar ɗakin ba ta kallon komai sai tsibin dattin rami, baƙi ƙirin, ya tare rabin sama. Rana ba ta leƙa wurin a hunturu. Idwal ya daina kwanciya, don in ya miƙe numfashi yankewa yake yi. A zaune yake barci, kansa a kan ƙirji. Mutumin da a da in ya shigo sai ya karkace kafaɗa kafin ya wuce ƙofa, yanzu riga ta koma masa kamar an rataya ta a ƙusa. Likita ya zo, ya dubi ɗakin ya fi yadda ya dubi marar lafiyar, ya ce mutumin nan na bukatar iska da ganin mutane. Ceinwen ta raka shi har titi tana cewa ai suna nan suna shiri, bayan Kirsimeti in Allah ya yarda. Bayan Kirsimeti ta ce bayan Ista.

Abokansa sun yi ta zuwa da farko. To amma su wane ne abokan mai ƙura, in ba masu ƙura ba? Su shigo suna haki don 'yar tafiyar titi kawai, su tsaya a gindin bene su ɗaga kai, su san ba za su iya ba. Wani ya tara numfashi ya kira sunansa, daga sama a amsa da tari. Ceinwen ta ba su shayi a kicin, ta ce yana samun sauƙi, yana gaishe su. A hankali ƙafa ta ɗauke. Fasto kaɗai ke hawa, shi ma addu'a ɗaya sai ya duba agogo.

Cikin tsakiyar sanyi Talfryn ya mutu, wanda suka yi shekaru suna saran kwal a wuri ɗaya da Idwal, suna cin burodi da cuku daga gwangwani ɗaya. Ceinwen ta ce kada wanda ya faɗa masa, zai karya masa zuciya. Ranar jana'iza mazan gari suka ɗauko gawar suka biyo ta layinmu suna waƙar coci, kamar yadda aka saba. Ta gaban gidan suka wuce. Nesta na sama tana canza zanen gado, ta ga uban ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Wa aka rasa?"

Ta ce wani ne daga ƙasan kwari, ba ta san shi ba.

Ya ci gaba da saurare har waƙar ta yi nisa. Sannan ya ce, "Babu muryar Talfryn a ciki. Ba a taɓa ɗaukar gawa a garin nan ba shi ke jan babbar murya ba."

Nesta ta naɗe zanen ta fita. Da gadon na gindin tagar falo, da ko hula ya cire wa abokinsa.

Tun daga ranar bugun ya ƙaru. Da safe, da rana, ko da an kai shayi yanzu-yanzu. Ran Lahadi ma, Nesta na falo da Gethin, suka ji. Gethin ya tambaya ko ta je ta duba, ta ce shayi ne, Mama za ta kai. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi, kuma ba don uban ba, don kunyar Gethin.

Sai aka mayar da Emlyn aikin dare, dole ya yi barci da rana. Wata rana ya sauko ido jawur, ya ce ko dai a karɓe sandar nan, ko wata rana barci ya ɗauke shi a rami dutse ya rufta masa, su zaɓa. Ceinwen ta nuna rufin kicin inda farar ƙasa ta fara tsagewa, ta ce jiya ma har cikin tukunya ta zubo. Ta ce Nesta ta je ta karɓo, tunda ita yake jin maganarta. In ta je ta ce wa uban ƙarfen gindin ne ya saki, za a kai gyara.

Nesta ta hau ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Idwal ya juya sandar ya dubi ƙarfen, lafiyarsa lau. Ya dube ta. Ya miƙa mata, bai ko riƙe ba. Ta jingine ta bayan ƙofar kicin, cikin tsintsiyoyi.

Gida ya yi tsit. Emlyn ya samu barci, Ceinwen ta sa aka shafe rufin. Nesta kuwa, abin da har yau in ta tuna take rasa inda za ta sa kanta, shi ne daɗin da ta ji. Ƙafafunta sun huta da hawa da sauka.

Da bazara ta fara leƙowa, Hopkin Rabin Kunne ya dawo. Tsohon abokin Idwal ne, igiyar ƙarfe ta taɓa yanke masa rabin kunne a rami, sunan ya bi shi. Duk hunturun yana asibitin masu ciwon ƙirji a bakin teku. Wata Asabar da rana ya turo ƙofa, Ceinwen ta tafi kasuwa, Emlyn na wurin tattabarunsa. Ya zube a kujerar gindin bene ya yi haki ya gaji, sannan ya ce wa Nesta tunda shi ba zai iya hawa ba, wancan malalacin kuma ba zai sauko ba, sai ta zama ɗan aike.

"Je ki ce masa, na ji an ce ya zama babban mutum, sai da izini ake ganinsa."

Ta hau ta faɗa. Idwal ya ɗago, fuskarsa ta canza. Ya ce ta ce wa Hopkin ashe tekun ma ta ƙi karɓarsa. Ta sauko ta faɗa. Hopkin ya ce ta ce masa har yanzu fuskarsa kamar ta dokin da ke jan kwal a rami ce, ko ta gyaru? Idwal ya ce ta faɗa masa da ƙarfi, ta ɓangaren kunnen da ya rage, cewa dokin rami ya fi shi iya waƙa. Haka ta yi ta hawa tana sauka, tsofaffi biyu na dariya suna shaƙewa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Rabon da ta ji dariyar ubanta har ta manta.

Da ta gaji ta zauna, Hopkin ya ce ai da sai a ba shi sanda ya riƙa bugawa, a huta da wannan zirga-zirga. Nesta ta yi 'yar dariya ta ce ai sun yi haka, ya hana kowa sakat. Kullum bugu iri ɗaya, na neman shayi, ko da shayin na gabansa. Ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa masa a tebur. Uku. Sannan biyu.

Hopkin ya ajiye kofinsa. Ya ce ta sake. Ta sake.

"Tsakanin ukun da biyun, yakan dakata?"

Ta ce eh, yakan ɗan jima.

"'Yata, wa ya ce miki shayi ne?"

Ta ce Yaya Emlyn.

Tsohon ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce wannan ƙararrawar keji ce, kejin ƙarfen da ke saukar da mutane cikin rami. In mutum zai shiga, na bakin rami ya buga uku, wato ɗan Adam ne zai hau, ba kwal ba. Sai ya jira na ƙasa ya amsa da ɗaya, wato hanya a buɗe take. Sannan a buga biyu, a saukar. Ya ce ko yaron da ya fara aiki jiya ya san wannan, cikin barci ma in ya ji zai gane.

"Cewa yake ku saukar da shi. Shirun nan na tsakiya, amsa yake jira."

Nesta ta dubi yatsanta a kan tebur. Mata ba sa zuwa bakin rami, ba ta taɓa jin ƙararrawar kusa ba. Ta tuna kofunan shayi da suka huce, ta tuna ranar farko da ya tambaya ko Emlyn na gida. Hopkin ya tashi da ƙyar. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai ƙara magana, ya dubi rufaffen falon, ya sa hularsa ya fita.

Da yamma suka zauna cin abinci su uku. Ceinwen na ta lissafin abin da za a toya, don washegari uwar Gethin za ta zo shan shayi, zuwanta na farko. Nesta ta ajiye cokali. Ta ce Kawu Hopkin ya zo, ya faɗa mata ma'anar uku da biyu.

Emlyn ya daina tauna. Ceinwen ta ce ita ba ta san wata ƙararrawa ba, kuma Hopkin ya ji da nasa ƙirjin. Amma ba ta dubi Nesta ba da ta faɗa, Nesta kuma ta tuna cewa kakanta, uban Ceinwen, aikinsa ke nan har ya mutu, buga ƙararrawa a bakin rami.

Ta ce, "Yaya, ka sani."

Emlyn ya ture kwano. Ya ce eh, ya sani, sai me? Ya ce ta faɗa masa mutum ɗaya da aka saukar wa gado ya ga wata shekara. Ya ce a sama ko ba komai ana iya cewa jinya yake yi. Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa.

"Nesta, ni ma da safe in na yi kaki, baƙi ne. Kina so kullum in taso daga aiki in gan shi a taga, in san ni nake kallo? In ina ganinsa haka ba zan iya shiga kejin nan ba. In ban shiga ba, wa zai ci da ku?"

Ceinwen kuwa kan Nesta ta juyo. Ta ce yau kuma ita ce mai tausayin uba? Da aka tambaye ta, me ta ce? Wa ya hau ya karɓo sandar? Don wa take rufe falon nan, don kanta? Ita ta gama nata, shekara nawa tana wankin baƙin kaya har hannuwanta suka tsage. Ta ce a bari gobe ta wuce, a yi baiko, a sa rana, sannan a yi duk abin da za a yi. Mutumin da ya jira hunturu guda ai zai iya jiran 'yan makonni. Tana faɗa hawaye na zubo mata, ba ta share ba.

Duk abin da uwar ta faɗa a kan Nesta gaskiya ne.

Kafin rana ta faɗi ta hau sama. Idwal na zaune yadda ya saba, yana kallon baƙin tsibin. Ta zauna a bakin gado, ta tambaye shi me ya sa bai faɗa mata da baki ba.

Ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma, ai ya faɗa sau ɗaya. Mutum ba ya roƙon falon gidansa sau biyu. Ya ga gara ya yi da yaren da Emlyn ke ji, don kada ya ba shi kunya gaban mata. Ya ce kada ta ga laifin yayanta, tsoro ne, shi ma ya taɓa jin irinsa a kan nasa uban. Shayinta kuma yana da daɗi, bai taɓa cewa ba shi da daɗi ba.

Ta sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaron nan naki na kantin yadi, muryarsa kawai nake ji in ya shigo. Dogo ne?"

Babu wanda ya taɓa dukan Idwal Prosser a gidansa. Babu wanda ya hana shi abinci ko ya yi masa tsawa. Zanen gadonsa fes, kofinsa a wanke. Matarsa na tsoron talauci ga 'yarta, ɗansa na tsoron ƙirjinsa, 'yarsa na son wani yaro mai tsabtar hannu, kowa da dalilinsa mai kyau. Da waɗannan dalilai masu kyau aka bar mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin duhu don su ci, a wani duhun, yana buga ƙararrawa, su uku suna ƙasa suna ji.

Washegari, Lahadi, Nesta ta riga kowa tashi. Ta ɗauko sifanar Emlyn ta kwance nata gadon ƙarfen, tunda ba za a iya kwance na uban yana kai ba. Ta yi ta saukowa da shi ƙarfe-ƙarfe, sannan katifa. Rigar aikin Ceinwen na rataye a ƙusa, ta sa hannu a aljihu ta ɗauki makulli. Ta ja teburin falo gefe, ta ture kujerar da Gethin ke zama, ta ɗaura gadon a gindin taga, a kan kafet mai furanni.

Ceinwen ta sauko ta tsaya a ƙofar falo, gashinta ko tajewa ba ta yi ba. Ta ce da yamma fa uwar Gethin za ta zo.

Nesta ta ce, "Ta zo. Sai ta gaishe shi."

"In ta juya ta tafi da ɗanta fa?"

Nesta ma ba ta sani ba. Ta wuce uwar ta shiga kicin. Emlyn na zaune gaban murhu da kofi a hannu, yana ganin duk abin da take yi. Ta ɗauko sandar daga cikin tsintsiyoyi, ta je gindin bene, ta ɗaga ta buga a katako. Sau ɗaya, da ƙarfi.

Ta tsaya tana saurare. Daga sama babu komai sai numfashin nan mai kamar jan zarto.

Emlyn ya ce, bai juyo ba, "Da me zai amsa miki? Sandar na hannunki."

Ya ɗan jima a zaune. Sannan ya ajiye kofi ya tashi, ya raɓa ta ya hau. Ta ji maganarsu ƙasa-ƙasa, ta ji ƙarar gado, sannan takun Emlyn a hankali. Ya ɓullo ɗauke da uban a hannu kamar jariri, ƙafafun tsohon na reto, sirara kamar sandar da ke hannunta. Emlyn ya kawar da fuskarsa wajen bango don kada a gani. Da suka shiga falo hasken safiya ya bugi idon Idwal, ya runtse ya sa hannu ya kare, yadda masu fitowa daga rami ke yi.

Tagar ta ƙi ɗaguwa, fenti ya liƙe ta. Nesta ta ɗauko wuƙar burodi ta bi gefenta tana kankarewa, ta sa kafaɗa ta tura har ta buɗe. Mutane sun fara wucewa zuwa coci. Wani dattijo ya zo daidai tagar, ya tsaya cak, ya leƙo, ya cire hularsa.

Ya ce, "Idwal? Ashe kana nan."

Nesta na tsaye da wuƙar a hannu, ta kasa ɗaga kai.